Wardin Yaya Balki da Aka Hana wa Wuƙa

Bana shekara talatin da shida ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Balki ta Gwandu, Allah ya jiƙanta. An saba idan za a tuna mamaci a sanyaya murya a yi ta yabo. Ni dai masu karatu ku yi mini uzuri, da fushi na zauna wannan rubutu, kuma tsufa bai rage mini shi ba.

Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba ta bi mijinta aikin Hajji a ƙasa. Har mun cire rai da ganinta, sai ga ta bayan shekaru, an binne mijin a hanya, ta rame ta yi baƙi, tana rungume da wani tsohon gora cike da ƙasa, da ɗan itace mai ƙaya a ciki. Wardi ne, furen nan da ake yin ruwan wardi da shi. Wata Balarabiya da ta yi wa aikatau ce ta yanko mata. Duk garin da ayari ya daɗe don noma ko neman guzuri, sai ta dasa shi, in za a tashi ta yanki sabon reshe ta bar uwar a nan. Haka ya iso gidan mahaifinmu.

Ta dasa shi kusa da rijiya, ya kama, ya yi fure. Da asuba ƙamshinsa har zaure. Yaya Balki kuwa ba ta raga masa da wuƙa. Da damina ta kankama sai ta zaɓi reshen da ya gama fure, mai kaurin alƙalami, ta yanke tsawon taƙi a karkace, dab da ƙasan idon da toho ke fitowa. Ta zage ganyen ƙasa, ta soka shi a kasko mai yashi da tsohon taki, ta kife ƙwarya a kai, ta ajiye a inuwa. Da yawa su ruɓe, kaɗan su tsiro. Waɗanda suka tsiro ta raba wa duk mai so. Sai dai ƙasarmu ba ta wasa: na maƙwabta awaki da rani suka cinye, nawa da na kai Kalgo ambaliya ta tafi da shi a shekarar da ta rasu. Uwar kaɗai ta rage.

Bayan sadakar arba'in na sami babban wanmu, Dikko, wanda gidan ya koma hannunsa.

"Yaya, bari in yanki reshe biyu in kai Kalgo, kada irin ya ɓace."

"Kai Sanda, mi ka damunka? Iccen da yaf fito ƙasa mai tsarki za ka sa ma wuƙa?"

"Ai ita kullum yankan shi takan yi."

"Ita tad ɗauko shi, ita ad da izini. Kai wa ya ba ka?"

Ya sa aka kewaye shi da darni, ya hana kowa matsawa. Mata na zuwa daga Kambaza da Maruda su leƙa ta saman kara, su shafa addu'a su koma. Dikko ya sami abin nuna wa baƙi. Duk damina in hau jaki daga Kalgo in roƙe shi, in kawo dattawa su sa baki, ya ce ƙane ba ya koya masa girmama Hajiya. Ina gani rassan suka tsufa suka yi ƙirare, furen ya ƙanƙance, gara ta shiga gindin. Har sai da ba ganye ɗaya a jikinsa.

To, a nan ne abin da ke hana ni barci yake. Da itacen ya bushe ƙayau, sai Dikko ya ɗauko wuƙa da hannunsa. Ya sassare shi guntu-guntu, ya raba wa dangi don tabarruki, har da ni aka aiko wa nawa a tsumma. Wuƙar da ya hana mai rai, ita ya sa wa gawa, kuma mutane suka yi masa godiya! Ya riga mu gidan gaskiya, na roƙa masa gafara, amma wannan ban iya kiransa komai ba sai wauta.

Yau malaman gona na yawo ƙauye-ƙauye a kan keke suna koya wa mutane dashen reshe, jikokinmu na sauraro baki buɗe kamar sabon ilimi ne. Da Yaya Balki za ta leƙo, na san ba za ta tsaya sauraron yabon da muke yi mata ba. Bakin rijiya za ta nufa, ta tarar da turken akuya a gurbin wardin, ta juyo ta kalle mu. Ban san wanda zai iya ɗaga kai ba.

Me ya saura nata? Laƙabin Hajiya da ake kiran gidan da shi, da busassun ƙirare a ƙasan adaka. Ranar addu'ar bana an fito da guda an zagaya da shi, kowa na taɓawa yana shafa fuska. Autar Dikko, wadda aka sa wa sunan Yaya Balki, yanzu uwar 'ya'ya ce, ta shinshina shi ta matso kusa da ni.

"Baba Sanda, wai wane irin ƙamshi gare shi?"

Na buɗe baki zan gaya mata, sai na tarar ni ma ya ɓace mini.