Kwalabe Uku na Watan Yuli

Shekara talatin da huɗu ke nan Mola Ngale yana kama ƙudaje. Ba irin na mahauta ba. Nasa ba su kai ƙwayar shinkafa ba, koraye shar masu sheƙi, ƙafafunsu dogaye sirara kamar zare. Kan ganye suke yini, inda akwai laima da ɗan hasken rana, suna farautar ƙwarin da suka fi su ƙanƙanta. Mutanen Wonyalu sun daɗe da daina yi masa dariya. Gajiya suka yi.

Da dako ya fara. Yana ɗan shekara sha tara, yana ɗaukar wa masu bincike kaya zuwa kan Dutsen Fako, sai ɗayansu ya lura ba ya ɓata hanya, ba ya kuma zubar da abu. Aka koya masa aikin: a jera robobi masu ruwan ɗorawa a ƙasa, a zuba ruwa da ɗigon sabulu, bayan kwana biyu a tace abin da ya faɗa, a juye a 'yar kwalba mai sifirit. Sai 'yar takardar da ake sakawa cikin kwalbar, wadda ita ce aikin gaba ɗaya. Wuri, tsayinsa da mita, kwanan wata, sunan mai kamu, duk da fensir, domin sifirit yana cinye tawada. Ƙudan da ba shi da takarda shara ne. Da waɗannan 'yan takardu masana suke zana taswirar wane iri ke zaune a ina, kuma ba mai bin Mola kan dutse ya ga ko gaskiya ya rubuta. Kwalabe fiye da dubu huɗu ke ɗauke da sunansa a kabad ɗin tashar bincike. Bai tara gona ba, bai gina gidan bulo ba. Abin da ya tara ke nan.

Ranar wata Litinin Dokta Bessem ta aika a kira shi. Ita ce mai rarrabe ƙudajen yanzu, mace 'yar kimanin shekara arba'in, wadda shi ya fara nuna mata yadda ake riƙe matsefata lokacin tana ɗaliba.

"Mola, tun daga ƙofa na ji gwiwarka tana gaishe ni," in ji ta.

"Ta fi ki ladabi, Dokta. Ke sai aike."

"Zauna ka leƙa, tsoho mai ran ƙarfe."

Ya ɗora ido a kan madubin da ke ƙara girma. Namiji ne. A ƙarshen ƙafafunsa na gaba akwai wani farin abu mai faɗi kamar tuta, wanda maza suke kaɗa wa mata. Mola ya ga tutoci iri-iri, amma bai taɓa ganin mai tsage biyu ba.

"Wata huɗu ina bin littattafai," in ji Dokta. "Jijiyoyin fiffike, gashin ƙafa, komai na gwada. Ba wanda ya taɓa rubuta shi. Guda sha ɗaya ne, duk cikin kwalabe uku. Kuma danginsa duka 'yan ƙasa-ƙasa ne, ba a taɓa samun ɗayansu sama da mita dubu ba. Kai ka kamo su a dubu ɗaya da ɗari takwas! Wannan shi ne labarin."

Ta tura masa kwalaben. Rubutunsa ne. Watan Yuli, shekara shida da suka wuce.

Ta sassauta murya. "Na ga kwanan watan, Mola. Idan kai da matarka Iya kun yarda, sunan 'yarku Enanga zan sa masa. Abu ɗaya ya rage. Ranar Alhamis ka kai ni wurin, in ɗauki hoto, in auna."

Ya ce to. Ya yi godiya yadda ya kamata, ya ɗauki lemarsa ya fita.

Enanga ita ce 'yarsu, ita kaɗai. Tun tana firamare take yanka masa takardu da reza, tana tsokanarsa wai rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Ciwon sikila ya ɗauke ta tana shekara sha shida, ranar biyu ga Yuli, ana ruwan da ba ya tsayawa. Aka binne ta bayan ɗaki, tsakanin gwaza da agada, kusa da kakarta.

Aikin ba ya jira. Duk mako biyu sai an hau, a kwana biyu a can. Da lokaci ya yi, Mola ya ɗaura jaka ya kai bakin rafin da ke ƙarshen gari, ƙafafunsa suka ƙi. Ba ciwo suke ba, ƙi kawai suka yi. Wanda ya binne ɗa ya san yadda jiki kan ƙi nisa da wurin. Ya dawo ta bayan gida, ya jera robobinsa a gindin gwaza, taku huɗu daga kabarin. Bayan kwana biyu ya tace, ya ɗauki fensir, ya rubuta abin da aka saba gani: dutse, mita dubu ɗaya da ɗari takwas. Ya ce a ransa ƙudajen gida ne, an san su kaf, za a duba a wuce. Sau uku ya yi haka a watan, har da kamu ɗaya da ba a nema ba, don hannunsa ya sami abin yi. A watan Agusta ya hau, bai kuma ƙara ba.

Da ya isa gida, matarsa Iya Namondo tana gurzar gwaza a bakin murhu, za ta naɗe a ganye ta kai kasuwa. Ya gaya mata komai, yana tsaye.

"To, ka kai ta dutsen mana, Baban Enanga." Har yanzu haka take kiransa. "Nuna mata kowace bishiya. Ƙuda ne zai kai ƙararka?"

"Za a buga a littafi."

"Wa ke karantawa? Mutum biyar, huɗu da tabarau."

"Wani zai hau nema, ya shekara bai samu ba."

"Ya sha iska, lafiya ce." Ta ci gaba da gurza. "In kuma ka faɗa mata gaskiya?"

"Duk takardar da na taɓa rubutawa sai an yi mata kallon ƙarya."

"Dubu huɗu saboda uku."

"Haka lissafinsu yake. Daidai ne kuma."

Ta ajiye magurjin, ta goge hannu a zane. Ta ce, "Yarinyar nan ko kan dutsen ba ta taɓa zuwa ba. Numfashinta ba ya kai ta. Yanzu za a rubuta wai can take."



Alhamis da safe Dokta ta iso da manyan takalma da sanda da jakar abincin kwana biyu. Mola yana bakin ƙofa da silifas.

"A haka za ka hau? Ko dutsen ne zai sauko maka?"

"Ajiye jakar, 'yata. Ba nisa."

Ya bi da ita ta gefen ɗakin girki, suka sunkuya ƙarƙashin igiyar shanya. Ƙasa baƙa, jiƙe. Robobi shida a jere a gindin gwaza, tun ranar Talata ya zuba musu ruwa. Gefe guda ga kabarin, an kewaye shi da duwatsu.

"Nan ne," ya ce.

Ta dubi robobin, ta dubi duwatsun. Ta ciro abin awon tsayi daga aljihu, ta jira lambar ta tsaya. Ɗari takwas da goma.

"Kwalabe nawa ka yi wa haka?"

"Ukun nan."

"Sauran fa?"

"Ko ɗaya. Amma da bakina nake faɗa, da shi kuma na faɗi wancan."

Ta zauna a kan turmin da aka kife. Wata huɗu na aikinta, da babban labarin ƙuda mai hawa dutse, duk sun tafi, ya kuma ga tafiyarsu a fuskarta.

"Sai na karɓi littattafan tafiyarka duka, in gwada da kwalabe, ɗaya bayan ɗaya. Zai ci shekara. Sai kuma na rubuta cewa an gyara takarda, da dalili. Wasu za su daina amfani da kamunka, Mola. Ba zan iya hana su ba."

"Na sani."

"Da ka gaya mana a lokacin, wa zai ce maka ka hau?"

"Ba wanda ya ce. Ni ne ban iya cewa na kasa ba."

Wani ɗan ƙuda kore ya sauka kan ganyen gwaza, ya yi gudu gefe, ya tsaya cak a kan dogayen ƙafafunsa. Dukansu biyu suka bi shi da ido. Ko shi ne, ko wani ne, sai a madubi.

"Sunan fa?" Iya Namondo ce, daga ƙofar ɗakin girki.

"Sunan yana nan, Iya. Tsayin ne zai sauko."

Dokta ta zaro fensir daga gashinta ta miƙa masa. Mola ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya fara tace robar farko. Da ya gama, ya ɗora 'yar takarda a cinyarsa ya rubuta a hankali: Wonyalu, bayan gidan Ngale, mita ɗari takwas da goma.