Jinjina ga Dela, wadda ta sauko da Baba Jimrau daga bakin rijiya

Da an sallame sallar asuba Dela take fita, da bokiti a hannu, sabulu da tsumma a ciki. Gida biyar take shiga kafin rana ta take, kuma a kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa da gigin tsufa ya kama. Ta yi wa wannan wanka, ta yanke wa wancan farce, ta zauna ta saurari labarin da ta ji jiya da shekaranjiya kamar yau ta fara jin sa. Shekara ashirin da biyu ta yi tana shara da wankin zanen gado a asibiti, nan ta koyi taɓa jikin mara lafiya. Da ta bar aiki sai ta ci gaba da wannan zagaye a unguwannin Dakoro, ba wanda ya sa ta.

Maƙwabta sun shaida ranar da aka taru a kan wata tsohuwa ana ce mata mayya, don an same ta a ɗakin mai jego tana laluben jariri. Dela ta ratsa taron, ta yafa wa tsohuwar zanenta, ta ce ɗanta na fari take nema, wanda ya rasu tun kafin a haifi masu zagin. Taron ya watse ba wanda ya iya kallon wani.

Ni malamin lise ne, wato sakandare, inda ake ce wa malami Mushe, kuma na san Dela ta hanyar tsofaffin ɗalibaina uku, Hanatu da Abdulganiyu da Zakariya, masu karatun injiniya a Maraɗi. An ba su aikin haɗin gwiwa, suka zaɓi ƙera mutum-mutumi da zai zama abokin hirar masu ciwon mantuwa. Hanatu ce ta kawo shawarar saboda kakanta, Baba Jimrau, tsohon makiyayi daga Korahane da ya daina gane ƴaƴansa. Abin da suka ƙera bai wuce tsawon turmi ba, da kai kamar ƙwarya. Yana tuna wa tsoho salla da magani, yana amsa tambaya, yana kuma buga wayar Hanatu in tsohon ya ƙetare ƙofar gida.

Da yake Dela ce ke kula da Baba Jimrau, suka kai mata shi ta gani. Ta tambaye su abin da zai ce in tsohon ya nemi matarsa Uwale, don kullum sai ya neme ta. Abdulganiyu ya ce sun sa masa gaskiya: zai ce ta rasu, Allah ya jiƙan ta. Dela ta ce su cire. Ta ce a wurinsa mutuwar ba ta shekara tara ba ce, duk sanda ya ji, a lokacin ne aka yi ta. Abdulganiyu ya ce ba zai ƙera na'ura mai ƙarya ba. Ta ce ba ƙarya ta ce a yi ba, a tambaye shi labarin Uwale kawai, ya yi ta faɗi har hankalinsa ya kwanta. Hanatu ta goyi bayanta, samarin biyu suka ƙi. Suka juyo gare ni, ni kuwa na ce gaskiya ta fi. Ina rubuta wannan ne don a san da bakina aka yi kuskuren.

Ranar gwaji ta faɗo ranar kasuwa, cikin tsakiyar bazara. Mutanen gidan duk sun tafi kasuwa, Dela kuma tana wani gida. Ba mu jira ta ba. Muka ajiye mutum-mutumin a gaban Baba Jimrau a ƙarƙashin rumfa, muka koma zaure don ya saki jiki. Wayar Hanatu ba ta yi ƙara ba, muka ɗauka komai lafiya. Bayan kamar rabin awa muka leƙa. Mutum-mutumin na kwance, kan ya tsage. Tabarma ba kowa, sandarsa ba ta nan, takalmansa kuwa suna nan. Ta ɓarakar darnin baya, inda awaki ke bi, ya fita.

Zakariya ya kunna abin da na'urar ta naɗa. Muka ji muryar tsohon yana tambayar Uwale, muka ji amsar, muka ji ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa iri ɗaya. Sau huɗu. Daga nan sai wani kuka da ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba.

Samarin suka nufi kasuwar dabbobi, inda motocin ɗaukar shanu ke ja da baya ba mai kallon ƙasa. Hanatu ta ruga ta kira Dela. Ta zo hannunta da kumfar sabulu, ba ta zargi kowa ba. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce ba kasuwa ya tafi ba. A irin wannan lokaci ne yake shayar da shanu a da, Uwale na kawo masa fura bakin rijiya. Muka bi ta zuwa tsohuwar rijiyar da ke bayan gari. Rairayi na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ita kuma tana ɗingishi saboda gwiwa, amma ba ta tsaya ba.

Daga nesa muka hango shi. Yana zaune a kan bakin rijiyar, ƙafa ɗaya a ciki, ya sunkuya yana kiran sunan Uwale. Rijiya ce mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka jira kafin ka ji ƙararsa, bakinta kuma igiya ta goge shi ya yi santsi. Abdulganiyu, da ya riske mu, ya yunƙura zai ruga. Dela ta damƙe rigarsa.

"In ka taɓa shi ta baya, ku biyu za mu ciro," in ji ta. "Ku zauna ƙasa, kada ya ga tsayuwar kowa."

Ta kewaya ta gabansa a hankali, ta ɗauki wani tsohon guga da aka yar, ta tsaya inda zai gan ta.

"Sannu da rana, mai shanu. Ƙishi nike ji, ga guga, ba mai ja mini."

Ya ɗago ya dube ta, bai gane ta ba. Jikinsa ya yi tangaɗi, Hanatu ta toshe bakinta da hannu.

"An ce Uwale ta mutu," ya ce.

"Wace ce Uwale, Baba? Ba ni labarinta."

Sai ya fara: doguwa ce, ƴar garin Ɗan Gulbi, ba ta iya dama fura ba sai ta cika tsami. Dela na matsowa taki ɗaya, tana tambaya, yana amsawa. Can ya ga gugan, ya ce ba a barin baƙo da ƙishi a bakin rijiya. Ya ciro ƙafarsa don ya karɓa. Ta miƙa masa da hannu ɗaya, ɗayan ya kama wuyan hannunsa, ba ta sake shi ba har gida. Tafin ƙafarsa ya yi bororo, sati uku tana wanke masa.

Dela, ke ce kika san abin da littattafanmu ba su koya mana ba. Ke ce kika zauna da yaran nan kwana goma sha ɗaya suna sake aikin, kina gyara musu kowace amsa, har Abdulganiyu ya cika littafi guda da maganganunki. Uwar tsofaffi, ba ki taɓa ce mana kin faɗa mana ba. Yau mutum-mutumin da muryarki yake magana, kuma abu na farko da yake yi in tsoho ya rikice shi ne ya kira mutum. A rahoton da suka miƙa a Maraɗi, sunanki ne a sama da nasu.

Bana gwiwa ta zaunar da ke, kin daina zagaye. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki mai yi miki yadda kika yi wa iyayen mutane. Ku kuma masu tsoho a gida, ku je ku zauna a gabanta ku koya, ƙofarta a buɗe take.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, ta ce ba ta ga abin rubutawa ba. Sai da na miƙe zan tafi ta kira ni.

"Mushe, in dai mutane za su karanta, ka ce musu su bar ɗaure tsofaffi da igiya. Ko sun manta kowa, suna jin zafinta."