Labulen Ɗakin Rini

Shekarar da aka sa fanka a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a Dogo ya fara ganin Shuɗi. A wancan zamani kwalabe duk na gilashi ne, a wanke, a dafa, a sake aiki da su, kuma Dogo ya daɗe yana wankewa.

Aikin ɗakin shi ne kiwon wasu ƙwayoyin cuta masu cin bakteriya. Akan shuka bakteriya a faranti, a zuba musu ƙwayoyin. In an wayi gari da huda-huda a farantin, to suna da rai. Sai Farfesa ta zo da wani rini. A duhu ba ya yi wa ƙwayoyin komai, amma da haske ya taɓa shi sai ya kashe su. Aka rataya baƙin labule a taga, aka damƙa mukullin ɗakin rini a hannun sabon zuwa. Yatsunsa da ba sa rabuwa da rini su suka ja masa sunan Shuɗi.

Mukullin nan ya tsaya wa Dogo a wuya.

Yakan ce masa, "Sarkin marina, yau wa za a rina?"

"Gemunka, Yaya, in ka matso."

A yi dariya, Dogo ya yi yaƙe. Matarsa ma ta gaji: "Kai da Shuɗin nan, ko a mafarki ba ka barinsa."

Ana dab da ritayar Dogo, wata ranar zafi ya shiga ɗakin rini ɗaukar faranti, ya yaye labule don iska, ya fita abinsa. Kwalaben ƙwayoyi masu rini da aka ajiye a duhu don a kwatanta su da waɗanda aka haska suka sha rana. Washegari faranti sumul, ba huda ko ɗaya: ƙwayoyin sun mutu. Farfesa ta ce duk wanda ya yi, takardar tuhuma ce. Dogo ya ga aikin rayuwarsa zai ƙare da tabo.

"Ni na manta labulen a buɗe, ranki ya daɗe," in ji Shuɗi.

Aka karɓe mukulli, aka ba Dogo.

Dogo ya tare Shuɗi a bakin famfo. "Har a nan ma so kake ka fi ni?"

Shuɗi bai ɗago daga wankin kwalba ba. "Da Innata ke asibiti, wa ke zuwa ranar hutu yana kula min da farantai? Kana yi kana mita, amma ka yi."