Kawu da Jakar Iskar Tarago

Ina juyowa daga sayen tikiti sai na hangi Kawu Isa durƙushe, ya tura kai ƙarƙashin taragon jirgin ƙasa. Mutumin da anka yi wa aikin baya kwana goma da sunka wuce! Na ruga wurinshi.

"Kawu, mi kaka yi nan? Ɗinkinka fa!"

Tun yana saurayi yake ƙera amalanke a Giyawa. Ko kallona bai yi ba.

"Dubi nan. Tayoyin da ɗan amalankensu daban, taragon kuma kan jakar roba mai iska yake zaune. Wanda na shiga da ƙuruciya sifirin ƙarfe gare shi. Wujijjiga kam ka sha ta, amma in ya karye ko maƙerin Goronyo ya gyara. Wanga ba ya wahalar da bayana, amma in jakar ta fashe tsakiyar daji, wa za shi yi mata faci?"

Na ce, "To mu fasa tafiyar?"

"Mu shiga. Ni ma faci ne a bayana, ga ni tsaye."

Har munka sauka barcinshi yake sha, ni kuwa kunnena na ƙarƙashin kujera.

Ku masu shiga kullum, kun taɓa leƙa abin da ke ɗauke da ku?