Kujerar da Aka Kafa wa Kawu

Shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas, ana fama da yunwa a unguwarmu Nima, ita ce shekarar da likita ya ce kawuna yana da ciwon suga. Yau da safe ya faɗo mini a rai, da na ga mai koko tana zuba wa wani dattijo suga babu awo.

Kawu yana da dabararsa. Ƙosai mai zafi yake fara ci, sannan ya kurɓi koko mai tsami da yajin citta, ba suga. Yana ajiye kwano sai ya taka har unguwar Maamobi ya dawo, ina gefensa. Yakan ce, "Ciki ya karɓa, ƙafa ta raba."

Da ya dawo daga Makka sai 'yan unguwa suka taso. "Alhaji guda yana yawo a bakin kwata kamar ɗan dako? Ai sai a ce ba shi da kowa!" Suka kafa masa kujera a ƙofar gida. Duk mai zuwa gaisuwa sai ya riƙo shayi mai madarar gwangwani da burodin suga.

Na ce, "Kawu, wannan fa guba ce."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma ba a mayar da hannun kyauta baya."

Har yau raina yana ɓaci. Waɗanda suka zaunar da shi su ne suka fi kowa kuka ranar jana'izarsa.

Allah Ya jiƙansa, Ya mayar masa a Aljanna da abin da girmamawarsu ta cinye: yatsu uku, ƙafar dama, da idanu biyu.