Bidiyon tsutsar geronmu

Kwana ukku ina hawa tudun bayan garinmu, kusa da Attantane, inda rezon waya ke kamawa, don in tura ma ma'aikacin wani proje na taimakon manoma bidiyon tsutsar da ke cin geronmu. Wai sai ya gani kafin su kawo magani, kuma ta imel kaɗai.

Na farko ya yi nauyi, ya ƙi tafiya. Na rage shi, mushen, wato ma'aikacin, ya ce bai ganin komai. Na ukku kuma wai bai buɗuwa a ordinatarshi, wato kwamfutarshi, in maida shi MP4.

Baba ya ji ina ta tsaki, ya ce, "Mi yake so kuma?"

Na ce, "Baba, wai irin bidiyon ne bai yi mishi ba."

Sai Baba ya shiga gona ya yanko zangarniya biyar da tsutsarsu, ya ɗaure a buhu, ya ba ɗan kabu-kabu. "Ka zazzage mishi bisa tebur. Wannan zai buɗu."

Tsutsa dai ba ta jira MP4 ba, ta cinye rabin gonar. Ku a garinku, da wane irin bidiyo ake yarda manomi na cikin wahala?