Hedimastan da Na Ce Na Gaishe Shi

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na shiga intabiyun neman aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Daura. Har yau in na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin na gama karatu na daɗe ina zaman kashe wando, ga iyayen yarinyar da nake nema sun ce ba za a sa rana ba sai na kama aiki. Da na ji ana ɗaukar malamai, sai na garzaya wurin wani abokina mai shagon buga takardu ya haɗa mini si-bi, takardar nan da ake jera karatun mutum da abin da ya iya. Da muka zo ƙarshe ya ce, "Kawo sunan babban mutumin da zai shaide ka."

Ban yi wata-wata ba na ba shi sunan hedimastanmu na firamare a Zango. Bawan Allahn nan shi ya bi babana har gona ya roƙa a bar ni in ci gaba da karatu, shi ya goya ni a kekensa ranar jarrabawar shiga sakandare. Lambarsa tana wayata, amma rabona da in kira shi, balle in taka ƙofar gidansa, an yi shekaru. Kullum sai in ce bari in samu aiki tukuna, kada in je hannu rabbana. Zangon da ke nan kusa fa!

"Ka sanar da shi kuwa?" in ji abokina.

"Haba, ai uba ne," na ce.

Daga nan ya shiga horar da ni. "Sirrin intabiyu ɗaya ne, kada ka yi inda-inda. Duk abin da suka tambaya, ka amsa da ƙarfinka." Muka yi ta gwaji a bayan shagon, shi yana tambaya yana muzurai, ni ina zubo amsa, har na zama kamar rediyo.

Ranar na sha guga na shiga. Mutum uku na tarar: mai makarantar, da wata malama, da wani dattijo mai tabarau. Duk tambayar da aka jefo sai in cafe. Na ga malamar tana gyaɗa kai, wallahi har na fara lissafin lefe a zuciyata.

Sai dattijon ya ɗora yatsa a ƙasan takardata.

"Yaro, wannan malamin da ka rubuta, ka san shi sosai?"

"Ranka ya daɗe, shi ya rene ni. Kamar uba yake a wurina."

"Madalla. Yaushe rabonka da shi?"

Nan ne ya kamata in sunkuyar da kai in faɗi gaskiya. Ina! Bakin ya riga ya saba da gudu.

"Ai ko satin da ya wuce na je Zango na gaishe shi. Lafiyarsa ƙalau."

Dattijon ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce a hankali. "Kafin azumi muka kai shi makwancinsa."

Malamar ta yi salati ta kau da kai. Ni kuwa na miƙe na nufi waje. Ko "Allah ya jiƙansa" ban iya furtawa ba sai da na kai bakin ƙofa.

Washegari na hau mota zuwa Zango. Matarsa ta gane ni tun daga zaure, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Na yi mata ta'aziyya kaina a ƙasa, ina jiran gori. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Allah sarki. Har yana kwance, duk wanda ya zo dubiya daga Daura sai ya tambaye shi, yaron nan nawa ya samu aiki kuwa?"

Furar nan ban iya sha ba.

Aikin dai ban samu ba, bikin ma sai da ya ƙara jira. Amma ba wannan ke ci mini rai ba. Yanzu ni ma malami ne, kuma in tsohon ɗalibina ya kawo si-binsa in duba masa, ƙasan takardar nake fara sauka, in nuna sunan in ce, "Yaushe rabonka da shi?" In ya fara sosa ƙeya, sai in miƙa masa abarsa in ce ya je ya gaishe shi tukuna, ko da hannu rabbana ne. Mutumin da ba ka san ko yana raye ba, ba ka da bakin aron sunansa.